Kurakuran da na tafka a cikin tsohon injin wasa

Na shekara tara ina gyaran talabijin mai doro a wani ɗan shago a Kano kafin a fara kawo mini injin wasa irin na tsaye, wanda ake jefa wa kuɗin ƙarfe sannan a kama sanda da maɓallai a yi wasa. Wani abokin yayana ne ya saye shi cikin kayan gwanjo da suka iso daga Amurka, akwatin katako mai tsayin mutum, kuma a cikinsa akwai fanel, wato allon lantarki, na wasan Street Fighter II wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991. Da na buɗe bayansa na ga kwalba, wato babban gilashin da ke nuna hoto, irin wadda nake taɓawa kullum, sai na ce wa mai shi ya dawo jibi. Wata uku injin ya yi a shagona, kuma mafi yawan ɓarnar da na gyara a cikin watannin nan ni na yi ta da hannuna. Ina rubuta wannan ne domin ƙannena masu sha'awar tsofaffin na'urori, musamman waɗanda suka ɗan iya riƙe mitar auna wuta har suka fara jin sun ƙware, domin a wannan matsayi nake a lokacin.

Abin da ban tsaya na fahimta ba tun farko shi ne injin nan na'urori uku ne a gida ɗaya: akwai fawa mai rarraba wuta, akwai fanel ɗin wasa, akwai monita, sannan akwai dami guda na wayoyi da ke haɗa su. Duk abin da ya lalace a cikin huɗun nan, a fuskar gilashi yake bayyana, shi ya sa mai gyaran talabijin yake saurin ɗora wa monita laifi, tunda ita ce ya sani kuma ita ce ke gabansa.

Kuskurena na farko a kan wuta ne. Na san wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, don haka na samo taransifomar rage wuta irin ta kasuwa na haɗa. A gindin akwatin na tarar da wata taransifomar mai nauyi da tsatsa, na auna ta na ga 120 ke shiga kuma kusan 120 ke fita, sai na yanke hukuncin cewa ba ta da aikin yi, na tsallake ta na kai wa monita wuta kai tsaye. Ina kunnawa na ji ƙara, fis ya tashi, wani siririn hayaƙi ya biyo baya. Aikin wannan taransifoma shi ne raba monita da wutar gari, domin da yawa daga cikin monitocin wancan zamani, irin su Electrohome G07 da Wells-Gardner K7000, an ƙera su ne ta yadda jikin ƙarfensu ba ya rabe da layin wuta. Idan aka cire ta, wutar gari tana samun hanya ta bi wayar ƙasa ta hoto, wadda masu gyara ke kira “ground”, ta faɗa cikin sauran injin. Ni kuma na ɗauka taransifomar da na sayo za ta wadatar, alhali yawancin irinta naɗi ɗaya gare su, suna rage ƙarfin wuta amma ba sa raba komai da komai. Na yi asarar diyod huɗu da fis da layin tagulla guda da ya ƙone a jikin fanel ɗin monita, kuma na gode wa Allah da hannuna ba ya kan ƙarfen a lokacin. Duk abin da kuka tarar a cikin tsohon inji ba ku san amfaninsa ba, ku bar shi a wurinsa har sai kun sani.

Da hoto ya dawo, sai ga shi babu launin ja ko ɗigo. Cikin 'yan damben wasan, farar rigar Ryu ta koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, jar rigar Ken kuwa ta zama baƙa. A talabijin, idan launi ɗaya ya ɓace, hankali yana tafiya ne kan ƙaramin fanel ɗin da ke wuyan kwalba, inda tiransistoci uku ke tura ja da kore da shuɗi. Na canza tiransistar ja, na sake narka dalma a kowace ƙafa, na canza rizistoci, babu abin da ya motsa. Daga nan na gaya wa mai injin cewa bindigar ja ta cikin kwalbar, wato abin da ke harba launin ja zuwa gilashi, ta mutu, na shiga yawon neman tsohuwar talabijin mai girman da ya dace in cire tata, abin da ya ci mini kusan mako uku, saboda ba kowace kwalba ce naɗin wayar wuyanta ke dacewa da fanel ɗin wata monitar ba.

Maigidana na dā, wanda ya koya mini sana'ar, shi ne ya biyo ta shagon wata rana da la'asar, na ba shi labari ina jiran ya tausaya mini. Ya ce, “Kai yaro, jan ya iso monitar ma kuwa?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ban duba ba.” Bai ƙara cewa komai ba, ya sa na zare wayar ja da wayar kore a bakin monita na musanya su. Nan take ja ya bayyana a gilashi, kore ya ɓace. Ma'anar wannan ita ce duka bindigogin ukun suna da rai, siginar ce ba ta isowa ta waya ɗaya. Muka bi wayar da mita muka tarar ɓera ya tauna ta a ƙasan akwatin, a wani lungu da ba a gani sai an kwanta. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Gwajin nan bai kai minti biyu ba, ba ya bukatar sayen komai, kuma shi ya kamata ya zama na farko.

A ranar ne na zauna na koyi tsarin soket ɗin da ke haɗa fanel da sauran injin. Sunansa JAMMA, sunan ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan wadda ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1980 domin a riƙa canza wasa ba tare da an sake wayoyin akwati ba. Haƙora 56 gare shi, 28 a kowane gefe, gefe ɗaya ana ƙirga shi da lambobi, ɗayan da haruffa. Na 1 da na 2 na wayar ƙasa ne, na 3 da na 4 suna ɗauke da bolt 5, na 6 bolt 12, ja yana kan na 12, shuɗi na 13, kore yana kan harafin N, siginar daidaita hoto kuwa tana kan P. Wanda ya haddace wannan zai iya sa mita ɗaya a bakin fanel, ɗaya a bakin monita, ya tabbatar da kowace waya cikin ɗan lokaci. A gurbi na 7 akwai tsaga da ɗan toshi da ke hana a juya soket ɗin, kuma a tsofaffin injina toshin yakan faɗi, saboda haka ku yi wa gefen lambobi alama da fenti kafin ku zare shi. Wani abin da ya ɓata mini yini guda shi ne neman maɓallan shuri a cikin wannan soket, ashe maɓalli uku kawai tsarin ya tanadar wa kowane ɗan wasa, sauran ukun na Street Fighter II, wato na shurin, suna da nasu ƙaramin damin waya dabam.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne na bolt 5. Wasan yakan tsaya ya sake farawa da kansa, wani lokaci hotuna su tarwatse su zama ɓaraguzai. Na auna a bakin fawa na ga 5 cif, na ce wuta lafiya. Sai daga baya na auna a jikin fanel ɗin kansa na ga 4.6, alhali ƙananan aisi na wancan zamani, wato 'yan na'urori masu ƙafafu da yawa da ke jikin fanel, suna son tsakanin 4.75 da 5.25. Ragowar tana ɓacewa ne a hanya, a haƙoran da suka yi tsatsa da datti. Maimakon in wanke haƙoran, sai na murɗa maɓallin fawa har fanel ya samu 5, wasan ya zauna, na ji daɗi. Bayan kwana biyu na tuna da dattin, na goge haƙoran tas, na mayar da soket, na kunna ba tare da na sauke abin da na ƙara ba. Yanzu da hanya ta buɗe, duk ƙarin ya isa fanel, kuma kafin in farga hoton ya cika da layuka a tsaye waɗanda ba su sake tafiya ba sai da na canza aisin ma'ajiya guda, wanda samunsa ya ɗauki fiye da wata. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Tsarin da ya dace shi ne a fara tsabtace haƙora da soket, a sauke fawa ƙasa, sannan a ɗaga ta a hankali ana kallon mita a jikin fanel.

Game da monitar kanta, alamominta suna da sauƙin karantawa ga wanda ya natsu. Idan ana jin sautin wasa amma gilashi baƙi ne, fanel yana aiki, sai a leƙa wuyan kwalba a ga ko akwai ɗan jan haske. Idan hoto ya tattare ya zama layi ɗaya mai haske a kwance, ɓangaren da ke baza hoto sama da ƙasa ne ya tsaya, kuma a kashe nan take domin layin yana ƙona gilashin ya bar tabo na har abada. Hoton da ke birgima yana nuni ga wayar daidaitawa ko maɓallin riƙe hoto. Siraran layuka a karkace kan hoto mai fari-fari yawanci maɓallin haske na jikin fulaibak, wato taransifomar da ke ba kwalba babbar wuta, ne aka murɗa fiye da kima. Kafin ku taɓa kowane maɓalli ku yi masa alama inda kuka same shi, ku ɗauki hoton kowace waya da wayarku ta hannu, kuma ku canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ni na taɓa murɗa guda shida a jere har na kasa sanin wanne ya gyara, wanne ya ɓata. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a kan fulaibak, idan damina ta kawo laima sai a fara jin tsartsatsi da wani wari mai kaifi, don haka burushi busasshe yana cikin kayan aiki.

Na bar maganar haɗari zuwa nan ne domin ita ce nake so ta fi zama a ranku. Kwalbar nan tana aiki da wuta sama da bolt 20,000, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare filogi. Ana sauke ta ne ta hanyar ɗaure waya daga sukudireba mai hannun roba zuwa jikin ƙarfen monita, a sa hannu ɗaya a aljihu, a zura bakin sukudireban ƙarƙashin robar da ke manne a bayan kwalba har ya taɓa ƙarfen ciki, a jira kaɗan, a sake. Sau ɗaya na yi ban maimaita ba, kwalbar ta sake tara abin da ta tara, ta fizge ni har bayan hannuna ya daki gefen ƙarfe, kuma tabon yana nan. Babban kafasitan fawar monita shi ma yakan riƙe wuta, musamman idan fis ya tashi, wuyan kwalba kuwa siriri ne, ƙaramin bugu yake fasa shi, ga shi masana'antu sun daina ƙera sababbi. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba ya nemi tsohon mai gyaran talabijin ya tsaya a kansa a karon farko da na biyu, ya biya shi ladan zamansa, kuma kada ya buɗe bayan injin a shagon da babu kowa sai shi kaɗai.