Na ci cacar bizar Amurka, layi ɗaya a fom ya hana mu tafiya

A watan Oktoba na 2011 ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wadan Zariya, muna haya ni da maiɗakina a Gyallesu. Wata ranar Asabar na hau acaɓa zuwa Samaru don buga wasu takardu, sai na tarar da shagon intanet ɗin da na saba zuwa ya cika maƙil da ɗalibai. An liƙa farin ƙyalle a bango, wani yaro riƙe da kyamara yana ɗaukar mutane hoto ɗaya bayan ɗaya. Lokacin cike cacar bizar Amurka ne.

Na san labarinta sama-sama. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shirin a dokar shige da fice ta 1990, don mutanen ƙasashen da ba su cika yin ƙaura zuwa can ba su samu ƙofa. A wancan lokacin ana ba da biza kusan 50,000 a shekara, wanda ya samu kuma yana shiga ne da izinin zama na dindindin, wato girin kad: zai yi aiki, zai yi karatu, bayan shekara biyar yana iya neman zama ɗan ƙasa. Abin da ake nema a wurinka shi ne takardar gama sakandare, ko gogewar shekara biyu a irin sana'ar da sai an horu kafin a iya ta. Kalmar "caca" ce ta daɗe tana tsaya min a rai, har na taɓa tambayar malaminmu na zaure. Ya ce in dai ba ka zuba kuɗi don ka ci na wani ba, wannan ƙuri'a ce, kuma ƙuri'a tana da asali. Shiga kyauta ne a lokacin, ladan mai kwamfuta kawai za ka biya.

Da layi ya zo kaina, yaron shagon ya fara tambaya yana bugawa. Suna, ranar haihuwa, garin haihuwa. Da ya zo kan aure na ce ina da mata da jaririya. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina hotunansu?" Na ce ba su. Maiɗakina tana gidan iyayenta a Giwa tana wankan jego, haihuwar fari ce, Ummi ko kwana arba'in ba ta yi ba. Ya ce, "To ai ba damuwa, mu sa ba ka da aure. Marasa aure ma sun fi ci. In Allah ya sa ka ci sai ka ƙara su." Mutane na jira a bayana, janareta na ta ƙara, ni kuma a raina wa ya ce zan ci? Na ce ya sa. Duk abin bai ɗauki minti goma ba.

Maganarsa biyu duka ba gaskiya ba ne. Kwamfuta ce ke zaɓe, ba ruwanta da mai aure ko gwauro. Kuma ƙa'idar a rubuce take ɓaro-ɓaro: dole ka sa matarka da duk 'ya'yanka marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, kowa da hotonsa, ko da ba za su bi ka ba, ko da jariri ne ɗan kwana uku. Wanda ake yarda ka ƙara daga baya shi ne auren da aka ɗaura ko ɗan da aka haifa bayan ka cike fom. Da na karanta, da na gani. Ni da nake hana ɗalibai amsa tambaya kafin su karanta umarni, ban karanta ba, kuma har yau abin yana min ciwo.

Da aka gama, lambar shaida ta fito a allo. Yaron bai buga min ita ba, sai ya rubuta a wani littafi mai bangon kwali tare da na sauran mutane, ya ce su ne ke dubawa. Sai daga baya na gane dalili. Tun daga zagayen da ya gabaci namu an daina aiko wa waɗanda suka ci wasiƙa ta gidan waya, da wannan lambar kaɗai ake ganin sakamako a shafin gwamnatin Amurka. Wanda ya riƙe lambarka ya riƙe wuyanka.

A farkon watan Mayu na 2012 mai shagon ya kira ni da kansa, muryarsa har rawa take. Na ci. Da na je, ya juyo min da allon na ga sunana, amma ya sa hannu ya rufe lambar. Sai da na biya naira dubu talatin, bayan roƙo da sa bakin wani dattijo, kafin ya ba ni abin da yake nawa tun asali.

Ban yi murna nan take ba, saboda shekarar da ta wuce, a Mayun 2011, an fitar da sakamako sannan aka soke shi gaba ɗaya saboda kuskuren kwamfuta, aka sake zaɓe a watan Yuli. Da kwanaki suka wuce ba a soke namu ba, sai gida ya ɗauka. Inna ta yi sadakar waina. Abokan aiki suka koma kirana Ba'amurke.

Akwai abin da yawancin masu taya ni murna ba su sani ba. Cin ƙuri'a dama ce kawai ta neman biza. Ana zaɓar mutane fiye da yawan bizar da ke akwai, sama da dubu ɗari, saboda an san wasu za su faɗi a hanya. Kowa yana da lambar layi, tamu ta Afirka tana farawa da AF, kuma duk wata ake fitar da sanarwar inda layi ya kai. A lokacin Nijeriya ma nata layin daban ne, yana tafiya a hankali fiye da na yawancin ƙasashen Afirka. In ranar 30 ga Satumba ta shekarar shirin ta wuce ba ka karɓi biza ba, shi ke nan, ba a ɗage wa kowa.

Wajen cike takardun da ake aikawa cibiyarsu ta jihar Kentaki ne maganar aure ta dawo min. Mashawarta suka yi yawa. Wani ya ce in je a matsayin marar aure, in na zauna can sai in nemo su. Wani ya ce ya san inda za a yi min takardar aure mai sabon kwanan wata, a rage wa Ummi watanni a takardar haihuwa. Na kai maganar wurin Baba bayan sallar isha'i, yana zaune a kan buzunsa a zaure. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato za ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa cewa ba ka haifi takwarar uwarka ba?" Na yi shiru. Ya ce, "Rubuta gaskiya. In rabonka ne ba mai hana ka." Daga baya na fahimci ko ta fuskar dokarsu shawararsa ce mai kuɓutarwa, domin wanda aka kama da ƙarya da gangan wajen neman biza ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada. Na rubuta sunan matata da na 'yata da ainihin ranakun, na haɗa da wasiƙar bayani, na aika.

Cibiyar Kentaki ba ta yanke hukunci, tsara ranar ganawa kawai take yi. Da ranarmu ta fito, watan Maris na 2013 a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, na ɗauka an karɓi uzurina ke nan. Daga nan kuɗi suka fara fita: fasfo uku, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi a Legas, da hoton ƙirji da allurai, ga masauki, ga mota. Kuɗin biza dala 330 ne kowane mutum, har da yarinyar goye, ana biya ranar ganawa, kuma ba a mayarwa. Mu uku dala 990, sama da naira dubu ɗari da hamsin a canjin lokacin. Na sayar da mashin ɗina da rabin filin da na saya a hanyar Jos. Maiɗakina ta ciro 'yan kunnenta na zinare na lefe ta ajiye a gabana, ta ce, "Baban Ummi, a haɗa da wannan." Na ƙi, ta nace.

Mun hau motar dare daga Kwangila. Ranar ganawa tun kafin gari ya waye muna kan layi a bakin ruwa, Ummi na barci a bayan uwarta. An karɓi takardu, mun biya, an ɗauki zanen yatsu, muka zauna. Da aka kira lambarmu, wata jami'a ce a bayan gilashi. Ta sa muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa. Ta duba takardar WAEC ɗina ta ajiye gefe, ba ta ce komai a kanta ba. Ta tambayi yaushe muka yi aure, na ce 2010. Yaushe aka haifi yarinya, na ce Satumbar 2011. Ta dubi kwamfutarta ta ce, lokacin da ka shiga kana da mata da 'ya, me ya sa ba ka sa su ba? Na yi bayanin wankan jego, da hoto, da yaron shago. Ta saurara, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce ta yarda da abin da na faɗa, amma ƙa'ida ba ta ba ta ikon ba mu biza ba, fom ɗin farko ya rushe tun ranar da aka aika shi. Ta turo mana fasfo ɗinmu ta ƙarƙashin gilashin da takarda guda. Babu ɗaukaka ƙara.

A waje maiɗakina ta kwance goyo ta zauna a gefen titi tana ba Ummi ruwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce min komai ba har muka isa masauki. Ni ne na kasa haɗa ido da ita.

Kuskure na biyu sai a mota na tuna da shi. A Oktoban 2012 an sake buɗe shiga, kuma babu abin da ya hana wanda ya ci ya sake cikewa. Da na cike daidai, ita ma ta cike nata tunda ta gama sakandare, da mun samu ƙuri'a biyu masu tsabta, domin mata da miji kowa na iya shiga ya sa ɗan uwansa. Na ƙi, ina ganin na riga na haye.

Yanzu idan wani ya zo min da maganar, abin da nake fara tambayarsa shi ne ina aka haife shi, saboda da ƙasar haihuwa ake lissafi, ba da fasfon da ke hannunka ba. Wanda aka haifa a Nijeriya amma matarsa haifaffiyar wata ƙasa ce da ke cikin shirin yana iya shiga ta kanta, da sharaɗin su tafi tare. Mai mata biyu kuma ya sani dokarsu uwargida kaɗai ta sani. Sannan ina cewa ya zauna da kansa a gaban kwamfuta, a shafin da ya ƙare da .gov, ya karanta umarnin wannan shekarar tun daga farko, domin ƙa'idojin suna canzawa, kuma kada ya tashi sai lambar shaida tana aljihunsa. Duk saƙon da ya ce ka ci ka turo kuɗi, na ɓarayi ne.

A Oktoban 2013 na shirya tsaf. Na kai su wurin mai hoto a Sabon Gari, aka ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya a gaban farin bango, ita da hijabinta fuska a buɗe, Ummi da ƙyar ta tsaya ta kalli kyamara. Na ari kwamfutar wani abokin aiki, na buɗe umarnin na fara karantawa daga layin farko. A shafin farko aka jera ƙasashen da ba za su shiga ba a wannan shekarar, saboda sun aika da baƙi fiye da 50,000 zuwa Amurka a cikin shekara biyar da suka wuce. Nijeriya tana ciki, karo na farko. Na karanta jerin sau uku, na rufe kwamfutar, na mayar wa mai ita. Hotunan nan uku suna cikin ambulan ɗin da fasfo ɗinmu suke, a ƙasan akwatin maiɗakina.