Abin da na taso da shi daga gaɓar Keta

Tunda labari ya riga ya zaga cewa na ajiye aiki, gara a ji nawa daga bakina. Waɗanda muka yi aikin agaji a ƙauyukan gaɓar tekun Keta da ke Ghana tare sun san ofishin, sun kuma san maigidan, ba sai na kama suna ba.

Abin ya faro ne a Nuwamban 2021, da teku ta hauro ta shiga gidaje daga wajen Anloga har Agavedzi da Salakope. Aka ce mu tattaro sunayen waɗanda za a raba wa katifa da shinkafa da kwanon rufi. Maigida ya turo takarda daga Ankara, babban birnin Ghana, layin farko yana neman sunan magidanci da lambar gidansa. Duk wanda ya taɓa kwana a garuruwan nan ya san takardar ba za ta kama kowa ba. Mazan Anlo, wato mutanen yankin, 'yan ci-rani ne a kan ruwa, wani yana Lome, wani Kwatano, wani Abijan, sai a yi watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Gida a hannun mace yake. Ita ke sayen kifi tun ana jan taru, ita ke ƙyafe shi, ita ke kai banda kasuwar Denu, kuma sau da yawa ita ta ranta wa mai kwalekwale kuɗin mai, ya biya ta da kifi. Lambar gida kuwa, bangon da aka rubuta ta ruwa ya ci. Sannan ga 'yan haya da baƙi, har da mutanenmu na zango masu sayen banda da gishiri su yi arewa da su. Takardar ba ta san da zamansu ba.

Sai na bi tukunya maimakon gida. Duk inda ake ɗora girki, na rubuta mai girkin da bakunan da ke ci. Na aika. Washegari ya kira ni.

"Wa ya sa ka wannan?"

"Ranka ya daɗe, in aka bi ta magidanta, masu buƙatar ne za su tashi a tutar babu."

"Kai ɗan unguwar Nima ta Ankara, yaushe ka san teku? Cika abin da aka ba ka."

Na cika. Ranar rabo wata dattijuwa ta tsaya a layi da jikoki, ta kifa ragar ƙyafe kifi a ka saboda rana, duk ta yi tsatsa; ragar kaɗai ta iya fitarwa daga gidan. Aka kira sunan mijinta, ta matso, akawu ya ce sai mai sunan ya zo ya dangwala yatsa. Mai sunan yana Abijan. Ta dube ni, don ni na zauna a gindin murhunta na rubuta ta. Wani mai gidaje da yawa, wanda ruwa ko dokin ƙofarsa bai taɓa ba, ya tafi da katifu a bayan babur.

Da masu ba da kuɗin suka zo bin ba'asi, maigida ya tara mu ya ce kuskuren ma'aikatan fili ne, yana maganar yana kallona. Ban tanka ba. Rahoton shekarar da ta biyo baya ya fito da "sabuwar hanyar ƙidaya ta tukunya", sunansa a ƙasa. An ma yaba masa. Allah ya sa alheri.

Sauran darussan ba su kai wannan zafi ba. Na koyi cewa masunta sun fi mu sanin dalilin zaizayar: tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa ya ragu, teku kuma ta shiga cin ƙasa, har ta cinye wani ɓangare na ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784. Duwatsun da aka jibge don kare Keta sun kare ta, amma ka tambayi ƙauyukan da ke gabas da su inda ruwan ya koma. Na koyi kada a kira taro a lokacin jan taru, kada kuma a tambayi mace ribarta a gaban mai kwalekwalen da take bi bashi. Watan Yuli, a shekarun da gwamnati ta riƙa rufe wa masu kwalekwale kamun kifi, shi ne watan da ake cin bashi. Wanda ya kawo tsarin adashe a lokacin ya zo da wasa. Samarin da ake shirya wa horon gyaran taru kuma, da yawansu suna kabu-kabu da babur a Aflao.

Ga wanda zai gaje ni: duk shawarar da ka ba ofis, ka ba da ita a rubuce da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wayarka, ba a kwamfutar ofis ba. Littafin sunayen tukwane na bar shi a hannun shugabar mata masu ƙyafe kifi. Ka je ka gaishe ta da kyau kafin ka tambaya, kuma kada ka ce maigida ne ya aiko ka.