Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Akwatin Kawu

A makon jiya mun tsaya a inda mahaifina ya sa ni a motar Kaduna, in je in zauna wurin ƙanen mahaifiyata in yi sakandare. Shekarar 1994 ke nan. Kawu yana haya a Tudun Wada, ciki da falo, yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, waɗanda tun 1957 suka fara jawo ma'aikata zuwa garin. Wani makon da safe yake fita, wani makon da dare.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar Kawu ba ta ba da labari. Yakan wuni bai ce uffan ba in ban da amsa gaisuwa. Abin da na sani na halinsa, daga akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa na fara saninsa.

Wata Lahadi bayan damina ta ɗauke ya ce, "Ɗana, jawo akwatin nan mu shanya kayan ciki, kada funfuna ta cinye su." Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da farko jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo ne, wadda aka kafa a Zariya a 1939, kowace shekara da ɗaurinta, an ɗaure da ƙyallen atamfa. Sai littattafan fiƙihu da ya karanta a zaure: Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, duk ya yi musu bango da takardar buhun siminti. A cikin Risala, babin gado ya fi ko'ina dauɗa, gefen shafukan cike da ajami da fensir. Daga baya mahaifiyata ta shaida mini rabon gonar kakanmu ya kusa raba zumuncinsu, shi ne Kawu ya koma gaban malami ya zauna a kan babin nan har ya gane haƙƙin kowa, musamman na 'yan'uwansa mata.

Kasa-kasai ne suka fi ɗaure mini kai. A jere suke cikin kwalin sabulu, kowanne da rubutu a jikinsa. Rabi tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ne na Masallacin Sultan Bello, rabi na Shehu Ɗahiru Bauchi, wato ɗaya na ɓangaren Izala, ɗaya na ɗariƙa. Da kansa ya naɗe mafi yawansu daga Rediyon Kaduna cikin azumi. Matasan yanzu ba za su ga abin mamaki a nan ba. Amma tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, akwai gidajen da wa da ƙane suka daina bin juna salla, aka fasa aure, aka daina cin yankan maƙwabci. A Tudun Wadar da na sani, kaset ɗin da ke tashi daga shagon mutum shi ke gaya maka ɓangarensa. Ga Kawu ya haɗa su a kwali ɗaya, kuma duka sun sha saurare, don kusan kowanne akwai inda zaren ya tsinke ya liƙe shi da jan farcen matarsa Inna.

Na yi ta maza na tambaye shi, "Kawu, to ku wanne kuke bi?" Yana juya wani kaset da biro, ya ce, "Ina da inda nake salla. Amma ba na yanke wa mutum hukunci ban ji daga bakinsa ba." Iyakar abin da ya ce ke nan. A ranar na gane dalilin da ya sa 'yan gidan hayarmu, har da Kiristocin da suke aiki tare a masaƙa, ke kawo masa ƙara in an saɓa. Yakan bar kowa ya gama, ko da zai kai tsakar dare.

Inna, matarsa, nata taskar a bayan kwanukan jere take. Littattafan soyayya ne na Kano, waɗanda a lokacin ake karɓowa haya a shaguna, malamai kuma na ta sukarsu a wa'azi. Ni ake aike in karɓo in mayar. Galibi in ta karanta sai a mayar, amma akwai 'yan kaɗan da ta tara kuɗin adashi ta saya nata na kanta. Da na karanta su a ɓoye, sai na tarar duk labarinsu ɗaya ne: yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, ta yi ta fafutuka har ta koma aji. Inna a aji biyar na firamare aka cire ta. Ba ta taɓa yi mini wannan zancen ba, amma ranar da ta fara zuwa makarantar matan aure ta yamma, ban yi mamaki ba ko kaɗan. Kawu ne ya sayo mata jaka.

Mai gidan da muke haya kuwa yana da kabad na gilashi a falonsa, cike da manyan littattafan Larabci masu ruwan zinare, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Ba na zarginsa, ƙaunar ilimi ma alheri ce. Sai dai tun daga lokacin, in na shiga ɗakin mutum, idona kan wuce littafin da ke ƙyalli ya nemi wanda bangonsa ya yage. Ko yanzu da aka koma tara komai a waya, abin da mutum ke yawan kunnawa nake lura da shi.

Kaina ma akwatin nan ya yi tasiri. Da jaridun Kawu na gyara karatun Hausata, kuma su suka sa ranar wata Asabar na taka har Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana tarihi a 1970, don in ga inda ake ajiye takardu fiye da na Kawu.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin shekarar da masaƙar su Kawu ta rufe, da ranar da wani mai ƙosai ya zo taya jaridun.