Yadda na nema wa Akawal gidan da zai ƙarasa kwanansa

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, an gama da gida da gona da 'yan awakin da ya bari tun kafin azahar, amma da aka zo kan doki sai zauren ya yi tsit. Kowa ya san cewa Akawal dukiya ce ta magada kamar sauran dukiya, kuma malamin da ya yi mana rabon ya faɗa a fili cewa dole ne a yi masa kuɗi a sa shi cikin lissafi, sai dai babu wanda bakinsa ya iya furta a kai shi kasuwa. Daga ƙarshe ni na ce a sa mini shi cikin kasona, alhali na san cewa bayan wata uku aiki zai mayar da ni Yawunde, babban birnin Kamaru, inda ɗakin hayar da nake ciki ko kaza ba za ta sake ba, balle doki.

Akawal ya kusa shekara 24 a lissafin da mahaifinmu yake yi. Sunan nasa launinsa ne kawai, domin baƙin doki ne wuluk, ko da yake yanzu furfura ta fito masa a kewayen idanu da gefen baki, ramukan da ke saman idanunsa sun zurfafa, gadon bayansa kuma ya lotsa. Shekaru masu yawa a kansa mahaifinmu yake fita hawan Salla a Garwa, cikin ayarin da ke bin Lamiɗo, abin da masu Faransanci suke kira fantaziya, kuma har yau idan ya jiyo algaita daga nesa sai ya miƙe kunnuwa ya fara tono da ƙafar gaba kamar za a ɗaura masa sirdi. Doki yakan yi shekara 25 zuwa 30 idan ya sami kulawa, saboda haka abin da ke gabana shi ne neman wurin da zai yi sauran shekarun nan ba tare da wulaƙanci ba.

Abu na farko da na yi shi ne kiran likitan dabbobi, domin ban ga dalilin miƙa wa wani amanar da ni kaina ban san nauyinta ba. A nan Garwa ba a rasa masu wannan sani, tun da a Bokle, kusa da gari, ake da babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, wato LANAVET, ko da yake hankalin yawancin ma'aikatan fannin yana kan shanu da tumaki ne. Likitan ya buɗe bakin Akawal ya nuna mini abin da ya daɗe yana faruwa a gabanmu ba mu gane ba. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa kaɗan-kaɗan tsawon rayuwarsa yayin da tauna take cinye su, har a kai lokacin da abin da ya rage a cikin dasashi ya ƙare. Turamen Akawal sun side, biyu sun faɗi, wasu kuma sun yi kaifi a gefe suna yankar masa kumatu ta ciki. Shi ya sa muke tarar da dunƙulen ciyawa da ya tauna ya zubar a gindin turke, kuma shi ya sa ƙwayar dawa take fita a kashinsa yadda ta shiga. Mu kuwa muna ta ƙara masa dawa muna mamakin ramar da yake yi.

Likitan ya goge masa kaifin da magagari, ya ba shi maganin tsutsar ciki, sannan ya tsara mini cimarsa. A jiƙa dusa ta yi laushi, a ɓarza dawa kafin a ba shi, a karkaɗe ganyen harawar wake ko ta gyaɗa a bar masa shi a cire karare masu tauri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, domin tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma doki ba ya amai, abin da ya sa ciwon ciki yake saurin kashe shi. Ya ja mini kunne a kan ƙulin 'ya'yan auga, wanda yake da yawa a yankinmu ana kuma kiwata shanu da shi, ya ce cikin doki daban yake da na saniya, kada a ɗauka abin da ya gyara wannan zai gyara wancan. Batun ruwa kuwa, a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa yake wuce digiri 40, doki yana iya shan fiye da lita 40 a rana, kuma tsoho ba ya jure ƙishirwa kamar yadda dukushi yake jurewa.

Da na fito daga wannan zama na fahimci cewa abin da Akawal yake bukata a wurin sabon mai shi lokaci ne da haƙuri, fiye da kuɗi da faɗin gida, kuma wannan ya sauya mini jerin mutanen da nake da niyyar tuntuɓa.

Dillalai ba su jira na neme su ba. Labari ya kai musu kafin sati ya zagayo, ɗaya daga cikinsu ya zo har ƙofar gida ya zagaya dokin sau biyu, ya ɗaga leɓensa, ya ce yana da mai saye a wajen Kusiri. Na san abin da ake yi da dawaki a can da ƙetaren gada a Njamena, inda keken doki yake dakon bulo da itace da buhuna cikin rana, kuma ban zargi masu wannan sana'a ba, abincinsu suke nema. Amma dokin da bai taɓa jan amalanke ba, aka ɗaura masa ita yana da shekara 24, ba zai ga damina biyu ba. Akwai kuma abin da dillalai ba sa faɗa, wato tsohon dokin da ya shiga hannu uku ko huɗu yakan ƙare ne a motar masu kai dabbobi yanka, alhali mu a mazhabar Malikiyya mashhurin zance shi ne ba a cin naman doki. Na ba shi goro na sallame shi.

Wanda ya fi ba ni wahalar ƙi wani attajiri ne, abokin mahaifinmu, mai barga ta siminti da rufin kwano da dawaki huɗu masu sheƙi. Ya ce mini, "Ɗana, kawo shi nan, dokin Alhaji ai nawa ne." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba, bari in zo in ga wurin." Gani ya kori ji. Na je da hantsi ba tare da na sanar ba, na tarar da yaro ɗaya ne yake kula da dawakin duka, yana zuba musu dawa tsaba a kwami guda safe da yamma, sannan ya tafi aiken gida. Ingarmun nan matasa ne masu faɗa, kuma a irin wannan wuri tsoho shi ne ake kora daga bakin kwami. Na kuma ji 'ya'yan gidan suna murnar cewa sun sami dokin da za su riƙa sukuwa da shi ranar biki. Babu mugunta a gidan ko kaɗan, sai dai babu wanda zai zauna ya jiƙa dusa sau biyar a yini. Sai da na yi kwana uku ina neman kalmomin da zan ba shi haƙuri ba tare da na ɓata zumuncin shekara arba'in ba, a ƙarshe na tura kawunmu ya faɗa masa, domin akwai maganar da ba ta dace da bakin yaro ba.

Innarmu ce ta tuna mini da wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da dawaki a gidan wani basarake a wajen Gashiga, ƙasar Demsa, wadda aka san ta da dawaki da mahaya. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya koma ƙauyensu a bayan Pitowa, kimanin kilomita 15 daga Garwa a kan hanyar Marwa, yana noman gyaɗa da wake tare da jikokinsa. Baffa muke ce masa tun muna yara. Na same shi ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwar Pitowa, na zayyana masa komai, har da haƙoran da suka faɗi da kuɗin magani, domin na ƙudurta cewa ba zan ɓoye aibi ko ɗaya ba. Bai amsa ba, ya ce sai ya ga dokin.

Zuwansa gidanmu shi ne abin da ya yanke mini shawara. Bai kalli fuskar Akawal ba tukuna, sai da ya tsuguna ya tona kashinsa da tsinke ya duba, sannan ya bi ƙafafunsa huɗu da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato yana neman zafi ko kumburi, ya ɗaga jelarsa ya ciro kaska biyu da mu ba mu gani ba. Ya ce, "Ɗana, wa yake yanke masa kofato? An bar na baya ya yi tsawo, shi ya sa yake jan ƙafa." Kunya ta kama ni, domin an fi wata huɗu ba a taɓa shi ba, alhali bai kamata a wuce wata biyu ba. Mutumin da ya fara da laifina kafin ya yabi dokin, na san ba kwalliya ce ta kawo shi ba.

Duk da haka na koma ƙauyen na duba wurin da idona. Na fi damuwa da abu biyu. Na farko tudu, domin duk wanda yake Garwa a shekarar 2012 bai manta da yadda ruwan Binuwai ya malale fadamu ba lokacin da madatsar Lagdo ta cika, kuma tsohon doki da ya daɗe tsaye cikin laka kofatonsa ruɓewa yake yi. Na biyu ƙuda. Ƙudan tsando da ke kawo sammore ya fi yawa a kurmin bakin rafi da dazuzzukan kudu wajen Adamawa, shi ya sa tun farko na ƙi tayin wani ɗan'uwa da ke can, sannan akwai ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba a lokacin damina, waɗanda ke yaɗa annobar dawaki mai kisa cikin 'yan kwanaki. Gidan Baffa yana kan jigawa, akwai tsamiya babba a tsakar gida, rijiya tana bayan danga, kuma ya nuna mini bukkar da zai riƙa shigar da shi kafin faɗuwar rana ya yi masa hayaƙi. Yana da jaka tsohuwa guda ɗaya, wato macen jaki, wadda na yi murna da ganinta, domin doki dabbar garke ce, kaɗaici yana karya shi.

Ban sayar ba, ban kuma bayar kyauta ba, kuma a ganina nan ne mutane da yawa suke kuskure. Wanda ya saya yana da ikon sayarwa gobe, wanda aka ba kyauta kuma idan hatsi ya yi tsada ba ka da bakin hana shi rabuwa da abin da ya zama nasa. Amana na ba Baffa, a gaban jauro, wato mai garin ƙauyen, da limaminsu, aka rubuta a takarda cewa dokin nawa ne, ba za a sayar da shi ba, ba za a ɗaura masa amalanke ko garma ba, babba ba zai hau shi ba sai dai ƙaramin yaro a tafiyar kilisa, kuma idan Baffa ya gaza ko ya riga shi tafiya, za a kira ni kafin a yi komai. Ni kuma na ɗauki nauyin dusa da kanwa da magani, da sayen harawa da kaka lokacin da take da araha a jibge ta a kan rumfa, da wani abu da nake tura wa Baffa ta waya duk ƙarshen wata. Da farko ya ƙi karɓar wannan na ƙarshe, ya ce tsakaninsa da Alhaji babu lada, sai da liman ya sa baki ya ce alkawarin da ba a tallafa masa ba nauyi yake zama.

Ba mu sa shi a mota ba, domin bai taɓa shiga ba kuma ƙafafunsa ba za su jure girgizar hanya ba. Jikan Baffa ne ya ja shi da ragama bayan sallar asuba, ina biye da su a kan babur da buhun dusar da ya saba ci, saboda likita ya ce kada a sauya masa cima farat ɗaya, a yi ta gauraya tsohuwa da sabuwa har kwana goma. Mun huta sau uku a hanya. Innarmu ba ta fito rakiya ba, ta ce in tumɓuke turken kafin in tafi, ba ta son ta riƙa ganinsa babu kowa. An ce sabo turken wawa, to ranar nan duk gidanmu mun amsa wannan suna.

Kwana huɗun farko bai ci abin kirki ba, yana ta haniniya yana kallon hanya, har Baffa ya kwana biyu a kan tabarma kusa da shi. Na dawo daga Yawunde bayan wata biyar, na sauka daga jirgin ƙasa a Ngaundere na hau mota, ban tsaya gida ba sai Pitowa. Na tarar da shi a gindin tsamiya, jakar nan tana gefensa, haƙarƙarinsa ya rufe, wata 'yar jikar Baffa da ba ta wuce shekara shida ba tana tsefe masa geza. Ya ɗago kai ya dube ni, ya shinshini aljihuna inda mahaifinmu yakan ajiye masa dabino, sannan ya koma kan kwaminsa. Baffa ya ce kanwa ta kusa ƙarewa, kuma idan zan dawo da Salla in taho da likitan nan, akwai wani turmi na sama da yake gani ya fara girgiɗi.