Hazon Sakkwato da tikiti biyun da na saya

A farkon watan Fabrairun 2023 na yi wani lissafi a zaune a ɗakina wanda har yau idan na tuna shi sai raina ya sosu. Za a ɗaura auren ƙanen matata a Kumasi ranar Asabar, sai na sayi tikitin jirgin ranar Juma'a daga Sakkwato zuwa Abuja, na kuma sayi wani tikitin dabam a wani kamfanin, na jirgin da zai tashi daga Abuja zuwa Akra da maraice. Tazarar awa huɗu na bari a tsakani, ina ganin tunda tafiyar ba ta cika wuce awa ɗaya ba, har lokacin sallah da cin abinci zan samu.

Abin da ban saka a lissafin ba shi ne, jirgin da zai ɗauke mu daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III sai ya taso daga Abuja, ya sauke fasinjojinsa, sannan ya juya da mu. Idan bai sauka ba to babu jirgi, kuma babu wani da zai biyo bayansa nan da awa ɗaya kamar yadda ake samu a Legas. Ran nan kuwa gari ya waye da hazon da mutum zai kalli rana ido da ido ba ta kashe masa gani ba. Ƙurar nan da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi mun saba da ita tun muna yara, ban taɓa ɗaukar ta a matsayin abin da ya wuce mura da kaushi ba, balle in duba gargaɗin da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a kanta. Ashe akwai iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a ba shi izinin sauka.

An auna mana kaya, an ba mu katin shiga jirgi, muka zauna. Sau uku ina zuwa wurin ma'aikacin kamfanin ina tambayar ƙarfe nawa za mu tashi, yana ce mini in ƙara haƙuri. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda da gani ya daɗe yana bin hanyar, shi ne ya ce, "Malam, ba haka ake tambaya ba. Ka tambaye shi ko jirgin ya baro Abuja." Da na tambaya sai ma'aikacin ya ce, "Ranka ya daɗe, ko fasinja ba a fara ɗauka a can ba." Da wannan tambayar na yi tun da hantsi, da na kira ɗaya kamfanin na ɗage tafiyata da ɗan kuɗi kaɗan tun jirginsu bai tashi ba.

Lokacin kuma ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, babu takardar Naira a aljihuna, tura kuɗi ta waya ya ƙi tafiya, dabinon dattijon nan ne ya zama abincin ranata.

Bayan la'asar aka sanar da soke tashin. Bin hanyar Gusau da Funtuwa cikin dare ba abin da mai iyali zai yi ba ne, don haka na karɓi jakata na koma gida. Kamfanin farko ya mayar da ni jirgin kashegari ba tare da ƙarin ko kwabo ba, kuma ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ba su ɗora wa kamfani biyan diyya idan yanayi ne ya hana tashi. Kamfani na biyu kuwa babu ruwansa da hazon Sakkwato, domin a takardunsa ni fasinja ne da bai zo ba. Da tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar biyu, da nauyin nema mini wani jirgin yana wuyansu, amma ni da hannuna na raba su saboda rangwamen da bai taka kara ya karya ba. Sabon tikiti na saya a farashin ranar tafiya, na isa Kumasi ranar Lahadi, an riga an ɗaura aure an watse.

Tun daga lokacin, daga Disamba zuwa Fabrairu ba na haɗa jirgin Sakkwato da wani jirgin a rana ɗaya. Ina sauka Abuja tun ana gobe in kwana, kuɗin masaukin kuma bai kai rabin asarar da na yi ba. Magani, caja, takardun tafiya da kayan sawa ɗaya duk suna cikin jakar hannuna, da ɗan kuɗi a aljihu, kuma kafin in bar gida sai na kira na ji ko jirgin ya baro Abuja. Surukaina na Kumasi har yanzu idan na kira su sai sun tambaye ni ko hazo ya washe.