Injin da ke ƙarƙashin tamfol

A kusurwar ɗakin aikinmu akwai wani injin yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta, lulluɓe da shuɗin tamfol. Daga Jamus ya zo, cikin kayan da wata kwalejin koyon sana'a ta can ta ba makarantarmu lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa. Ranar da aka sauke shi an sha jawabai, an ɗauki hotuna. Wata huɗu ya yi yana aiki. Ran nan aka kawo wuta da ƙarfi, wani ɗan allo a cikinsa ya ƙone, aka nema a Kaduna da Kano da Legas ba a samu irinsa ba. Tun daga lokacin ya zama wurin ajiye jakunkunan ɗalibai.

Ni malamin walda ne, kuma albarkacin wannan yarjejeniya na yi sati uku a Jamus, hawana jirgin sama na farko ke nan. Don haka ba zan yi butulci in ce haɗin gwiwar bai amfane mu ba. Ya amfane mu, sai dai ba ta ƙofar da aka zata ba.

Abin da ya tsaya mini a rai can shi ne wata yarinya da ba ta fi shekara goma sha bakwai ba, tana walda hannunta ko motsi ba ya yi. Na tambaya sau nawa take zuwa makaranta, aka ce kwana ɗaya ko biyu a sati. Sauran kwanakin tana wani ƙaramin kamfani, ƙarƙashin ubangidan da ya ɗauke ta da yarjejeniya a rubuce, yana kuma biyan ta duk wata. Haka tsarinsu yake, da dokarsa tun 1969, kuma ya shafi sana'o'i sama da 300. Yaro kan yi shekara biyu zuwa uku da rabi. In ya gama, ba makarantarsa ce kaɗai ke cewa ya iya ba. Ƙungiyar masu masana'antu ko ta masu sana'ar hannu ce ke shirya jarrabawar, a cikin masu dubawa akwai masu kamfani da wakilan ma'aikata da malaman makaranta. Kowane ɗalibi yana da littafin da yake rubuta aikin da ya yi, ubangidansa ya sa hannu, in babu shi babu zaman jarrabawa.

Ina saurare ina murmushi, har mai masaukina ya tambaye ni dalili. Na ce masa rabin wannan ai muna da shi. Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya kama hannuna ya kai ni Panteka ya damƙa ni ga wani mai walda. Duk wanda ya san Kaduna ya san Panteka: a nan ake ƙera injin markaɗe da na niƙa, ƙofofi da tagogi, tukwanen dalma, murhu, baro, duk daga ƙarfen da wasu suka jefar. A can na iya riƙe tsinken walda tun kafin in san sunansa a littafi. Amma ban manta ba, shekarata ta farko kusan duk a sayo abinci da share shago ta ƙare, babu wanda ya taɓa gaya mini yaushe za a yaye ni, kuma da tabaran rana muke walda, dare ya yi ido ya riƙa zafi kamar an zuba yashi.

A makaranta kuma matsalar a juye take. Muna yaye yara da takarda mai tambari, hannu babu ƙwari. Akwai shirin tura ɗalibai wuraren aiki da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta kafa tun 1973, wato SIWES, amma kowa ya san yadda wasu ke yi da shi: a nemi inda za a buga hatimi, a koma gida a kwanta. Su ma ba laifinsu ne duka ba. Tsarin Jamus a kan kamfanoni ya jingina, mu kuwa ina kamfanonin? Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta biyo baya a 2007. Kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975 yana nan, amma ba kamar zamanin da rabin unguwa ke ci daga gare shi ba. Wanda ke ɗaukar matasa aiki a yau shi ne oga mai shago da yara biyar da janareta ɗaya. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla da Turai aka manta da wannan mutumin, to an yi ba a yi ba.

Da na dawo sai na je wajen ɗan tsohon ubangidana, wanda ya gaji shagon. Na roƙe shi ya karɓi ɗalibaina huɗu, kwana uku a sati. Ya dube ni ya ce, "Yaya Malam, yaranku Turanci suka iya. In na ba su tsinke hannunsu rawa yake yi, su ɓata mini ƙarfe. Ni me zan samu?" Tambaya ce ta gaskiya. Muka daidaita a kan yaransa su riƙa zuwa wurina ranar Asabar, in koya musu awo da karanta zanen aiki da lissafin kuɗin kwangila, in kuma ba su garkuwar fuska daga cikin kayan da Jamusawa suka aiko. Littafin rubuta aikin nan na kwaikwaya, na mayar da shi Hausa, na buga a shagon kwafi da kuɗin aljihuna. Daga baya shaguna biyu suka shigo. Ɗaya ya fita bayan wata uku, ya ce yaran sun fara yi masa gardama a kan awo.

Ba ni kaɗai ke wannan tunani ba. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin ba masu sana'a takardar shaida bisa abin da hannunsu ya iya, ko ba su shiga aji ba. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugabancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya yi ta ƙoƙarin jawo 'yan Panteka cikin wannan tsari. Takarda irin wannan ita ce ke raba mai walda da ake kira aikin kwangila da wanda ake wa ciniki a bakin titi.

Da wa'adin yarjejeniyar ya kusa cika aka ce kowane sashe ya rubuta abin da yake so in za a sabunta. Wasu sun rubuta ƙarin tafiye-tafiye, kuma mun san su wa ke cika jerin sunaye in tafiya ta tashi. Ni na rubuta na'urar daidaita ƙarfin wuta, kwalayen tsinken walda, kuɗin motar ɗalibai zuwa shaguna, da kuma a turo mana ƙwararren mai sana'a guda ya zauna zango ɗaya, ya ga wutarmu da ƙurarmu da idonsa. Na ƙara da cewa in za a sake tafiya, a sa mai shago ko ɗaya ne a ciki. Aka yi mini dariya a taron, wai da wane Turancin zai yi magana. Na ce su ma Jamusawan ai ba da Turanci suke walda ba.

Asabar ɗin watan jiya wani yaro daga cikin 'yan Panteka ya ɗaga tamfol ɗin nan, ya leƙa cikin injin, ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Ya ce, "Malam, akwai wani a layinmu mai gyaran allon inbata na sola, ina jin zai iya tayar da wannan." Na ce ya dakata, injin yana cikin rajistar kayan gwamnati, ko ƙusa ba a cirewa sai da izini. Na rubuta takarda na kai ofis. Jiya ma ya sake tambayata ko an sa hannu.