Inda na kwana da shafin Kawu: kwana biyar ina fama da nemsaba

Salam 'yan uwa masu koyo. Wancan karon na gaya muku zan ɗauke shafin kawuna mai harkar shinkafa a Argungu daga tsohon hostin, wato kamfanin da ke ajiye shafin a intanet, zuwa sabo, saboda kuɗin sabuntawa ya yi mana nauyi. To an ɗauke, shafi ya tashi, amma sai da na yi kwana biyar ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ya faru tun ban manta ba.

Kwashe kayan bai ba ni wahala ba. WordPress ne, na sauke fayiloli da rumbun bayanai na loda a sabon wuri na gyara fayil ɗin saiti na wp-config, cikin awa biyu an gama. Har na gwada ta fayil ɗin hosts na kwamfuta, na rubuta sabon IP, wato lambar adireshin saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafi), da sunan shafin, ya buɗe tsaf, hotunan buhunan shinkafa duk suna nan. Wanga dabara ku riƙe ta, tana nuna maka shafin a sabuwar saba tun duniya ba ta gani ba, sai dai ka tuna ka goge layin in ka gama.

Matsala ta farko tawa ce. Sabon hostin ya turo min nemsaba, wato sabar da ke nuna inda shafi yake, guda biyu a imel, masu farawa da ns1 da ns2, sai na shiga cPanel, wurin sarrafa asusu na tsohon hostin, na canza rikod ɗin NS mai ɗauke da sunan nemsaba a can na koma ina jira. Kwana ɗaya, kwana biyu, shafi na nan yana buɗewa daga tsohon gida. Duk wanda na tambaya sai ya ce "ka jira awa 48", kuma wallahi wannan maganar ita ta fi cutar da mai koyo, don tana sa ka naɗe hannu alhali ba ka ma taɓa inda ya kamata ba. Nemsaba a wurin da ka SAYI domen, wato sunan shafin, ake canza ta. Su ne ke kai sanarwa ga masu riƙe da .com, wato Verisign, in kuma naka .ng ne ko .com.ng to NiRA ce ke riƙe da rajistar. Ni kuwa domen ɗin Kawu a wani kamfani daban anka saye shi tun kafin in karɓi aikin, sai da munka tono imel ɗin ɗansa kafin mu samu hanyar shiga.

A nan ne na zauna na fahimci yadda abin ke tafiya, kuma da na fahimta tun farko da ban sha wuya ba. Ka ɗauka baƙo ne ya sauka tasha a Birnin Kebbi yana neman gidan wani. Ba wanda ya haddace gidajen gari duka, amma ɗan kamasho zai ce nufi unguwa kaza, mai unguwa ya ce tambayi mai shagon bakin layi, mai shago ya nuna ƙofa. Haka DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa IP, yake tun da Paul Mockapetris ya tsara shi a 1983. A sama akwai sabobin tushe masu suna 13, daga A zuwa M, su ba su san shafinka ba, sun dai san wa ke riƙe da .com. Na .com su ce ga nemsabar wanga domen. Nemsaba ita ce mai shago, ita ke ba da IP ta rikod ɗin A. Abin da na yi shi ne na je na gaya wa tsohon mai shago cewa an sake mai nuna hanya, mai unguwa kuwa bai ji ba, yana ta tura mutane inda ya saba.

Kwana na ukku na canza a inda ya dace. Da la'asar sai abu ya ƙara lalacewa, shafi na buɗewa a wayata amma a kwamfuta burauza ta ce babu shi sam. Kawu ya kira bayan magariba, "kai yaro, wani mai saye daga Kano ya ce ya duba bai ga komai ba, lafiya?" Na ce "Kawu a yi haƙuri, ana kan gyara, in sha Allahu zuwa gobe." Na faɗa ne kawai, gabana na faɗuwa, don amanar kasuwancin mutum ce a hannuna. Na yi ipconfig /flushdns, mai goge tsofaffin amsoshin DNS a kwamfuta, ya fi sau goma, na kashe rawuta na kunna, na sauya layin data, shiru.

Wani yayanmu a harkar da ke zaune Gusau shi ya cece ni. Na tura masa murya a WhatsApp na ce Yaya don Allah duba min, ya ce in daina kallon burauza in tambayi DNS da kanta. Wuta ta ɗauke lokacin, batirin kwamfuta ya kusa mutuwa, sai na ɗauko waya na buɗe Termux, manhajar buga umarni a waya, na sa dnsutils mai ɗauke da dig, umarnin tambayar DNS, ina zaune kan tabarma a tsakar gida sauro na cizo ina buga dig da yatsa ɗaya. Da na tambayi 8.8.8.8, sabar DNS ta Google, amsa ta dawo SERVFAIL, wato ta gaza ba da amsa, 1.1.1.1 na Cloudflare ma haka. Ya ce in ƙara +cd a ƙarshe, wato kada a tantance amsar, ina ƙarawa sai ga sabon IP ya fito ɓaro-ɓaro. Ya ce to shi ke nan, DNSSEC ne.

Ga yadda na gane shi. DNSSEC kamar hatimi ne da ake buga wa amsoshin domen don kada wani ya yi sojan gona. Tsohon hostin yana buga hatimin, kuma an ajiye shaidarsa, rikod ɗin DS, a wurin rajista, wato ta hannun kamfanin da anka sayi domen. Na koma sabuwar nemsaba wadda ba ta da wancan makulli, shaidar kuwa tana nan tana cewa duk amsar da ba hatimi ƙarya ce. Saboda haka duk mai warware suna, irin su 8.8.8.8, da ke tantancewa sai ya ƙi amsar, wanda ba ya tantancewa ya wuce da ita, dalilin da ya sa waya ta buɗe kwamfuta ta ƙi ke nan, don ni da kaina na sa wa kwamfutar 8.8.8.8 tun bara. Wannan ko shekara ka jira ba zai gyaru ba. Na shiga wurin rajista na goge DS ɗin, washegari da hantsi ko'ina ya buɗe.

Awa 48 ɗin ma ashe tana da asali. In ka yi dig +trace za ka ga lamba 172800 a gefen nemsabarka a amsar .com, daƙiƙoƙi ne, kwana biyu cif. Shi ne TTL, iya lokacin da aka yarda a riƙe tsohuwar amsa kafin a sake tambaya. Wancan ba ka da iko da shi, amma na rikod ɗin A naka ne, galibi za ka tarar da 14400 ko 3600, kana iya mayar da shi 300 kwana ɗaya kafin ƙaura. Da na sani ma da ban taɓa nemsaba a ranar ba, in fara sauya A kawai, komai ya zauna, sannan in bi da sauran a natse.

Matsala ta ukku, bayan ta nemsaba da ta DNSSEC, ita ta fi min ciwo, imel. Wasiƙun shagon a wani wuri daban suke, kuma ban kwafe rikod ɗin MX, mai nuna inda za a kai imel, da na TXT mai SPF, mai faɗin sabar da ke da izinin tura imel da sunan domen, ba kafin in tashi. Canza nemsaba ɗauke littafin adireshi ne gaba ɗaya, sabon littafi kuma da abin da sabon hostin ya ga dama yake zuwa, nasa MX ɗin na nuna sabarsa inda babu akwatin Kawu. Saƙonnin da anka turo lokacin SERVFAIL sun shigo daga baya don sabobin imel kan yi ta sake gwadawa na 'yan kwanaki, amma na yinin da MX ke nuna wurin da ba daidai ba an mayar wa masu su, sun tafi. Allah Ya sa ban rufe tsohon asusun ba, can na koma na ɗauki hoton duk rikod ɗin na shigar ɗaya bayan ɗaya. Na je har shago na gaya wa Kawu gaskiyar abin da ya faru, ya sa yaronsa ya kira manyan kwastomomi su sake turowa.

Yanzu shafi na buɗewa da www da babu www, kwaɗon tsaro na https daga Let's Encrypt ya hau bayan DNS ya daidaita, kwana 90 yake yi kuma na ga an saita shi ya sabunta kansa. Tsohon hostin zan bar shi har ƙarshen wata. Abin da ya rage shi ne in mayar da DNSSEC, sabon wurin ya ba ni sabon DS in kai wurin rajista, ranar Asabar da safe nake son yi lokacin da shago bai cika samun saƙo ba. Wanda ya taɓa kunna shi a cikinku don Allah ya gaya min tsawon lokacin da ya bari tsakanin goge tsohon da sa sabon.